Wa ya ba mu izinin leƙa cikin birinya?

Ya kai mai karatu, watakila matarka ko ƙanwarka ta taɓa zuwa awo a gidan likita na Maraɗi ko na Damagaram, aka yi mata hoton ciki. Likitoci na ce ma wannan hoto ekogarafi. Mata sun taƙaita sunan, suna cewa eko. Ana shafa ma mace wani mai mai sanyi a ciki, a ɗora wani ɗan abu kamar guntun sabulu, sai ga ɗan tayi ya bayyana bisa allon tele, yana motsi.

To, ka sani ba mata kaɗai ake yi ma eko ba. A Amurka da Turai da Japan da ƙasar Sin akwai gidajen bincike inda ake kiwon birai masu yawa. Can ma ana ɗora wannan na'ura bisa cikin birinya. Ana so a san ko ta ɗauki ciki, kwana nawa ke gare shi, da yadda ɗan ke girma sati bayan sati. Na san za ka yi dariya. Biri dai, ɓarawon gona, shi ne har da awon ciki? Yi dariyarka, amma ka gyara zama mu yi shawara. Birinyar nan ba ita ta kawo kanta ba. Ba ta ce ma kowa tana ciwo ba. Galibi don lafiyarmu ake duba ta. Shin ɗan Adam na da izinin yin haka? In yana da shi, ina iyakarsa?

Kafin a yanke magana, sai a san abin da ake magana a kai. In mace za ta sayi tulu a kasuwa, takan ƙwanƙwasa shi da yatsa ta saurara. Tulu mai lafiya da tulu mai tsaga ba su ƙara iri ɗaya. Ba ta fasa shi ba, amma kunnenta ya gaya mata halinsa. Hakanan in ka leƙa rijiya mai zurfi ka yi kira, muryarka za ta dawo maka. Aikin eko ke nan. Na'urar na aika sauti cikin jiki. Sautin ya bugi ƙashi ko tsoka, ya dawo. Abin da ke kusa, amsarsa na dawowa da wuri. Abin da ke nesa, tasa na jinkiri. Na'urar na lissafa wannan jinkiri, ta mai da shi hoto. Cikin iska sauti na cin metir 340 a sakan ɗaya. Cikin naman jiki yana cin wajen metir 1540. Sautin eko siriri ne ƙwarai, kunnen mutum ba ya kama shi. Kunnenmu na tsayawa wajen kaɗawa dubu 20 a sakan, shi kuwa na likita yana kaɗawa sau miliyon 2 ko fiye.

Jemage ya riga mu sanin wannan dabara. Da ita yake tashi cikin duhu ba ya karo da bango. Wajen shekarar 1794 wani masani ɗan Italiya mai suna Spallanzani ya makantar da jemagu ya sake su cikin ɗaki, suka yi ta tashi lafiya lau. Da aka toshe masu kunne, sai suka dinga karo. Ka lura, tun daga tushe ilimin nan da wahalar dabba aka samo shi. A 1917, lokacin yaƙin duniya na farko, wani Bafaranshe mai suna Langevin ya ƙera na'urar da ke aika irin wannan sauti cikin teku don neman jiragen da ke nitso. Sautin nasa na da ƙarfi har yana kashe ƙananan kifayen da suka gitta gabansa. Daga baya masu ƙera tukwanen ƙarfe na masana'anta suka ɗauki dabarar, suna neman tsaga cikin ƙarfe, kamar dai mai sayen tulu. Wurinsu ne wani likitan mata, Ian Donald na birnin Gilasgo a ƙasar Sikotilan, ya je a 1955. Ya tafi da ƙari da aka cire ma marasa lafiya, da tsokar naman sa, ya gwada na'urarsu a kai. A 1958 shi da abokan aikinsa biyu suka buga abin da suka gano. Daga nan eko ya shiga gidajen haihuwa. Ya zo a kan kari, don a 1956 wata likita a Ingila, Alice Stewart, ta nuna cewa hoton ƙashi, wanda muke ce ma radiyo, in an yi ma mai ciki shi yana ƙara ma yaro haɗarin ciwon daji.

Yanzu mu koma ga biri. Wanda aka fi kiwo a gidajen bincike shi ne wani birin Indiya da ake kira rezus, da wani ɗan'uwansa mai dogon wutsiya daga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya. Girmansu bai kai na gwaggon biri da ke gandun dajin W, kudu da Yamai, ba. Birinyar rezus na yin al'ada kusan duk kwana 28, kamar mace. Cikinta na yin wajen kwana 165, wato ya ɗara na akuya da sati 2. Ɗa ɗaya take haifa, nauyinsa wajen rabin kilo.

A da, sanin ko birinya na da ciki aiki ne mai wuya. Jini ba ya faɗin gaskiya, don takan ga ɗan jini a farkon ciki, a zaci al'ada ce. Sai a kama ta, mutum ya sa yatsa ta baya, ɗaya hannun bisa mara, yana lalubar mahaifa. Ko a gwada jininta ko fitsarinta, shi ma alamar da ake nema ƴan kwanaki take yi ta ɓace. In kuwa ana so a san tsawon ɗan tayi a kwana 40, da 60, da 100, to sai a buɗe cikin uwa a ciro shi a auna. Kowane awo da ransa. Don a cika layi ɗaya na lissafi, rayuka da dama ke tafiya.

A 1988 wasu masana biyu, Alice Tarantal da Andrew Hendrickx, a gidan birai na garin Davis cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, suka buga abin da eko ya nuna masu. Kafin ciki ya cika sati 3 ana ganin ƴar jakar da ɗan zai zauna ciki. Kafin kwana 25 ana ganin zuciya na bugawa, alhali ɗan duka bai fi ƙwayar dawa ba. Da farko ana auna tsawonsa daga kai zuwa gindi. In ya yi girma ya lanƙwashe, sai a koma auna faɗin kai, da zagayen ciki, da tsawon ƙashin cinya. Wajen kwana 50 gaɓoɓi sun gama fitowa, saura girma. Gab da haihuwa faɗin kan na kai wajen santimetir 5. Suka auna birai da yawa, suka jera lissafin bisa takarda: kwana kaza, faɗin kai kaza. Wannan takarda ta zama tiyar awo. Duk mai riƙe da ita, in ya duba birinya, zai iya cewa cikinta kwana kaza ne, kuma ɗan na girma daidai ko ya tsaya.

Ga yadda ake yi. Ana yi ma birinya allurar barci. A aske gashin cikinta, a shafa mai, a ɗora na'ura. Cikin ƴan mintoci an gama. In ta farka a mai da ita keji.

Babu shakka wannan ya fi wuƙa. Birinya ɗaya ana iya bin cikinta tun daga farko har ta haihu, ɗanta na raye, ita ma na raye. Abin da a da yake cin rai goma, yanzu ana saninsa ba a yanka ko ɗaya ba. In cikin ya zo da gardama, ko mabiyiya ta tare hanya, ana gani da wuri a cece ta. Kuma masanan nan biyu sun yi wani aikin da ya shafi matanmu kai tsaye. Ka tuna kifayen Langevin. Mutane sun yi ta tambaya ko sautin eko na cutar da ɗan tayi. Sai suka dinga yi ma wasu birai eko a kai a kai, fiye da yadda ake yi ma mace, suka bi ƴaƴan bayan haihuwa. A 1989 suka ba da labari. Ba a ga nakasa ba. An ga ƴan bambance-bambance ƙanana wajen nauyi da jini, waɗanda suka wuce da jariran suka girma.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma tiya ba don ado ake ajiye ta ba. An yi ta ne don a auna wani abu. Me ake aunawa?

Ana auna ɓarna. Ana ba birinya mai ciki magani sabo, ko a sa mata ƙwayar cuta da gangan, sa'an nan a riƙa duba ɗan, a ga ko ya kauce ma lissafin takarda. Tsarin da aka daɗe ana bi wajen gwajin magani shi ne, eko ya tabbatar da ciki wajen kwana 20, a fara ba uwa maganin har kwana 50, a kwana 100 a yi mata aiki a ciro ɗan a duba gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan ba ya rayuwa. Ka gani, na'urar da ta rage yanka, ita ce kuma ke faɗa ma mai wuƙa ranar da ta dace ya yanka.

Bari in ba ka labari ɗaya da ya faru, don kada mu yi ta magana a iska. A 2015 da 2016, a ƙasar Barazil, mata suka shiga haihuwar jarirai masu ƙananan kai, ƙwaƙwalwarsu ba ta cika ba. Dubbai aka haifa haka. Aka zargi wata cuta da sauro ke yaɗawa, mai suna Zika. Ita kanta cutar a jikin biri aka fara gano ta, a 1947, wani rezus da aka ajiye cikin keji bisa itace a dajin Zika na ƙasar Uganda, ana neman ciwon shawara. To, zargi daban, tabbaci daban. Ba wanda zai sa ma mace mai ciki cuta don ya ga abin da zai faru. Sai masana a birnin Siyatil na Amurka suka ɗauki birinya mai cikin kwana 119, suka sa mata Zika. Uwar ba ta nuna ciwo ba, tana ci tana sha. Amma eko ya nuna kan ɗan ya rage girma, yana ja baya ga lissafi, alhali ƙashin cinyarsa na ci gaba. Bayan sati 6 aka yi mata aiki, aka ciro ɗan, aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka tarar da cutar a ciki da ɓarnar da ta yi. Aka buga labarin a 2016. A 2018 gidajen birai na Amurka suka haɗa lissafinsu, suka ga cikin biran da aka sa ma Zika a farkon ciki, wajen ɗaya cikin huɗu ta yi ɓari ko ta haifi gawa.

Wannan sani ne mai amfani. Ya nuna cewa uwa na iya zama garau alhali ɗan cikinta na lalacewa. Amma ka tsaya ka duba ta wajen birinyar. Sati bayan sati mutane na kallon zuciyar ɗanta na bugawa bisa allo, sun kuwa san ranar da za su tsai da ita.

Wani zai ce mani: malam, kana ɓata mana lokaci. Biri dabba ne. Muna yanka akuya da rago, muna ɗora ma jaki kaya, muna jifar biri in ya shiga gonar gyaɗa. Mene ne na kuka don an kashe ɗan tayin biri a ceci ɗiyan mutane?

Amsar da zan ba shi, daga bakin masu binciken zan ɗauko ta. Tambaye su, don me ba ku yi aikin nan da ɓera ba, ga shi da araha? Za su ba ka labarin talidomid. Magani ne da aka fara sayarwa a Jamus a 1957, ana ba mata masu ciki don barci da tashin zuciya. Kafin a janye shi a 1961, an haifi yara wajen dubu 10 a ƙasashe da dama, wasu babu hannu, wasu babu ƙafa, wasu yatsu manne da kafaɗa. Da aka ba ɓeraye masu ciki, ba su haifi irin waɗannan ƴaƴa ba. Da aka ba birai wajen ƙarshen watan farko na ciki, sai ga nakasa irin ta ƴan Adam sak. Saboda haka, in ji su, sai da biri, don mahaifarsa da jininsa da ƙwaƙwalwarsa sun yi kama da namu.

Madalla. Hausawa ma sun daɗe da cewa biri ya yi kama da mutum. Amma kamar nan ba ta tsaya ga mahaifa ba. Ƙwaƙwalwar da ta yi kama da tamu har ake gwada cuta a kanta, ita ce ke jin tsoro. Ita ce ke jin kewa. Duk wanda ya taɓa kallon garken birai ya san yadda uwa ke rungume da ɗanta, tana cire mashi ƙwarƙwata, tana jan wutsiyarsa in ya yi nisa. An sha ganin birinya ɗanta ya mutu, ta yi kwana da kwanaki tana yawo da gawar, ta ƙi saki. Wajen 1958 wani masani a Amurka, Harry Harlow, ya raba jariran rezus da uwayensu. Ya yi masu uwar ƙarya guda biyu, ɗaya ta waya mai ɗauke da madara, ɗaya ta tsumma mai laushi. Jariran suka riƙa shan madara a gurguje su koma su maƙale ma ta tsumma. Waɗanda aka tsare su kaɗai kuwa suka tashi kamar taɓaɓɓu. Aikin nan nasa mugun aiki ne, amma ya rufe bakin mai cewa biri ciki kawai ya sani.

To, a nan ne nake tsayawa da ƙafa biyu. Ba ya yiwuwa mutum ya ce biri ɗan'uwanmu ne in ana maganar amfani, sa'an nan ya ce ai dabba ce kawai in ana maganar wahala. Dalilin da ya sa aka zaɓe shi, shi ne dalilin da ya sa alhakinsa ya fi nauyi. Kuma eko ya toshe hanyar cewa ban sani ba. Mahaucin da ya yanka akuya ya tarar da tayi a ciki, ransa yakan ɓaci, amma yana da abin cewa, bai gani ba sai da ya buɗe. Mai eko ya gani tun kafin ya taɓa. Gani ya kori ji.

Wani kuma zai taso ta ɗaya gefen ya ce: in haka ne, a daina gaba ɗaya, a buɗe keji a sake su. Maganar na da daɗin ji. Amma kafin ka faɗe ta, duba gidanka. Rigakafin shan inna na farko, wanda aka fito da shi a 1955, da ƙodar biri aka haɗa shi. A shekarun nan Indiya na aika rezus zuwa Amurka, wata shekara har dubu 200, har birai suka ragu ƙwarai a ƙasar, ta hana fitar da su a 1978. Daga wannan hanya aka biyo har aka kai ga ɗigon da ake sa ma yaranmu a baki, har a 2020 aka bayyana cewa asalin ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka. Duba kuma katin awon matarka. Inda aka rubuta rukunin jini, akwai kalmar rezus, da alamar ƙari ko ragi. Sunan birin nan ne, don da jininsa Landsteiner da Wiener suka yi aiki a 1940. Sanin wannan rukuni ne ya bayyana abin da ya sa wata mace ke haihuwar ɗan fari lafiya, na bayansa su yi ta zuwa da shawara suna mutuwa, kuma tun 1968 akwai allurar da ke hana haka. Ni da kai mun ci moriyar biri tun ba mu sani ba. In na tsaya gaban wata uwa ƴar Barazil mai goye da yaro mai ƙaramin kai, bakina ba zai iya ce mata bai kamata a bincika ba.

Ra'ayina ke nan: ana iya yi, amma bashi ne ake ci, ba kyauta aka ba mu ba. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi mashi aski. Manomi ya san wannan ba sai an karanta mashi ba. Jakarka na yi maka aiki ba da yardarta ba, amma in cikinta ya tsufa kana rage mata kaya. In ka ga wani na dukan tasa a wannan hali, kana ce mashi ya ji tsoron alhaki. Ba ka ce a daina aiki da jaki ba. Ka ce akwai iyaka, kuma mai jaki ne zai amsa tambaya.

Masu bincike ma suna da irin wannan ƙa'ida. A 1959 wasu Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka tsara ta. In akwai hanyar da za a sami amsa ba da dabba ba, a bi ta. In babu, a yi da mafi ƙarancin dabbobi. Waɗanda aka yi da su kuma a rage masu wahala iyakar iko. Yau ƙasashe da yawa sun sa wannan cikin doka. Tarayyar Turai ta yi dokar da ta hana gwaji da manyan birai, irin su cimfanzi da gorila, a 2010. Hukumar binciken lafiya ta Amurka ta daina aiki da cimfanzi a 2015. Amma ƙananan birai na nan cikin aiki. A 2018, a Amurka kaɗai an yi amfani da wajen dubu 70. Birin nan mai dogon wutsiya, saboda kama shi da ake yi da sare dajinsa, a 2022 an sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Ƙa'ida bisa takarda abu ne mai sauƙi. Ni tambayoyin da zan yi ma mai riƙe da na'ura ba su da yawa. Wace cuta kake nema, kuma tana kashe mutane ko tana nakasa su? In don man shafawa ne ko don ka ƙara ma sunanka tsawo, sauke hannunka. Wani ya riga ya yi wannan awo? In ya yi, karanta nasa, kada ka sake. Kai ma in ka yi naka, ka buga shi kowa ya gani, ko da amsar ba ta yi maka daɗi ba, don lissafin da aka ɓoye cikin akwati yana sa wata birinya ta sake shan abin da wannan ta sha. In kuma ɗan ya fito da rai, ka bar shi jikin uwarsa.

Akwai wata tambayar da ba a cika yi ba, ita kuwa ta fi taɓa mu. Ina amfanin ya tafi? An ce don mata masu ciki aka wahalar da birinya. To, waɗanne mata? A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi ma kowace mai ciki eko sau ɗaya kafin cikin ya cika sati 24. Da shi ake sanin kwanakin ciki, a gane tagwaye, a ga wasu matsaloli tun da sauran lokaci. Kai ka san tazarar da ke tsakanin ƙauyenku da gidan likitan da ke da na'urar, ka san kuɗin mota da na hoto. Birinya a Kalifoniya ana duba cikinta sau da yawa kafin ta haihu, ga mace a ƙauye ta haifi bakwai ba a taɓa duba nata ba. Ban faɗi haka don a ji haushin birinya ba, ita ma ba gata aka yi mata ba. Abin da nake nufi, hujjar da aka kafa don a taɓa ta, ba ta cika sai amfanin ya kai inda mata ke mutuwa wajen haihuwa. Wanda ya ci bashi da sunan marayu, ya kashe kuɗin cikin birni, bashin ya zama biyu.

Saura maganar yarda. Dabba ba ta sa hannu bisa takarda. Amma akwai abin da ya yi kusa da yarda, kuma an gwada shi. A gidajen ajiyar namun daji na ƙasashe da dama ana koya ma manyan birai su kawo cikinsu jikin waya da kansu. Mai kula da ita na ba ta ƴaƴan itace, wani na ɗora na'ura. Babu allurar barci, babu kamu. In ta gaji ta tashi, awon ranar ya ƙare. Wannan ba irin horon mai wasa da biri a kasuwa ba ne, wanda ke riƙe da sarƙa da bulala. Da lallashi ake yi, kaɗan kaɗan, sai ta saba da sanyin man, ta saba da abin da ake ɗora mata.

A Japan an bi irin wannan hanya da cimfanzi biyu masu ciki. Wata masaniya mai suna Tomoko Sakai da abokan aikinta suka dinga auna ƙwaƙwalwar ƴaƴan tun suna ciki, uwayen na farke, suka buga sakamakon a 2012. Suka ga da farko ƙwaƙwalwar ɗan cimfanzi na ƙara saurin girma kamar ta ɗan mutum. Wajen sati 22 sai tasa ta daina ƙara sauri, ta ɗan mutum kuwa ta ci gaba. An sami wannan sani ba a sa ma kowa cuta ba, ba a buɗe cikin kowa ba.

Ba kowace tambaya ake amsawa ta haka ba. Ba za a san aikin Zika ba sai an sa Zika. Kuma koya ma birinya ɗaya ta tsaya da kanta na cin makonni ko watanni, ga albashin mai koyarwa, alhali allurar barci minti kaɗan take ɗauka. Shi ya sa a manyan gidajen bincike, inda birai suka kai dubbai, har yanzu yawancin rezus a barci ake duba su.